Babi na Shida: Riba da Riba

A kasuwar ƙauyenmu akwai wata tsohuwa mai awon gero, wadda ake aike na wurinta ina yaro. Kullum tana zaune a kan tabarma, buhu a buɗe a gabanta, tiya a hannunta. Takan cika tiya ta yi mata tozo, ta juye mini a ƙwarya, ta sake cikawa. In an gama awo na miƙa kuɗi, ta ƙirga ta ƙulle a bakin zane, ni kuwa ba na tashi. Ita ma ta san ba zan tashi ba. Sai ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, me kake jira kuma?" In ce, "Gyara, Iya." Sai ta nutsa hannu cikin buhu, ta ɗebo cikin tafi guda, ta watsa a kan wanda ta auna, ta ce, "Ka gaida mutan gida."

Wannan tafin gero ba ya cikin ciniki. Ba a taya shi ba, ba a sallama shi ba. Da ta hana, ba mai kai ta gaban sarkin kasuwa. Amma duk da haka mun sa masa suna gyara, kamar a ce cinikin da aka yi daidai wa daida yana da sauran gurgunta har sai an ɗora masa wani abu a kai.

Bayan shekaru masu yawa wani ɗalibi mai koyon fassara ya tare ni da tambaya. Yana son kalma guda ta Hausa wadda ke nufin biyan da ya wuce haƙƙi, wato a ba mutum fiye da abin da yake bi. Na ce masa sai ya fara gaya mini abu biyu: wa ya nemi ƙarin, kuma yaushe aka ambace shi, kafin a ƙulla magana ko bayan an gama? Bahaushe ba ya sa wa ƙari suna sai ya ji waɗannan. Tafin gero ɗaya yana iya zama gyara a hannun wannan, ya zama abin da ake neman tsari da shi a hannun wancan, alhali ƙwayar geron ba ta canza ba.

Kalmar da ta fi kowacce nauyi a wannan fage ita ce riba, ita ce kuma ta fi rikita mai karatu, domin ba kalma ɗaya ba ce. Su biyu ne, rubutun boko ne ya ɗinka musu riga iri ɗaya. A baki ba sa haɗuwa. Akwai wadda ake jan gaɓarta ta farko, murya ta tashi sannan ta sauka. Wannan ita ce ta ɗan kasuwa, wadda ake fita nema tun da asuba, wadda in aka rasa ta har jari ya bi ta ake cewa ba uwa ba riba. Ita ce a cikin ribar ƙafa, ita ce ake nufi in an ce wane ya ci ribar zamansa da mutane. Akwai kuma wadda ake faɗa a gajarce, murya ta fara daga ƙasa ta hau. Wannan ita ce malamai ke tsoratarwa a kanta a kan mumbari.

Dukansu daga Larabci muka aro su, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Ta kasuwa daga ribhu take, mai harafin ha a ƙarshe, wanda harshenmu ya sauke a hanya. Ta biyun tushenta yana nufin ƙaruwa da kumbura da hauhawa. Daga wannan tushen ne Larabawa suka samo sunan tudu. Mai rubutun ajami ba ya shan wahalar raba su, domin yana da harafin ja da zai sa wa ta farko. Mai boko kuwa in ya rubuta "wane yana cin riba", sai mai karatu ya leƙa gaba da baya kafin ya gane yabo ne ko tonon asiri. Ko a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, wannan tagwaitaka tana nan: cinikin da suke kira murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ƙarin da kuka amince a kai, sunansa daga gidan riba ta farko ya fito, an kuma kafa shi ne don a kauce wa ta biyu.

Masu aikin rediyo da jarida sun sami mafita, sai su ce kuɗin ruwa. Kalma ce mai sanyi, ba ta tayar da tsikar jiki. Ma'aikacin banki zai faɗa maka ruwan bashin kashi kaza ne cikin ɗari, fuskarsa a sake, kai ma ka saurara hankalinka a kwance. Da zai sauya kalmar ya ce ribar, a gajarce, da mutane da yawa sun ajiye biro. Ni dai duk lokacin da na ji ta, nonon da aka tsinka da ruwa nake tunawa: ƙwarya ta cika, amma ba saniya ce ta cika ta ba. Ina ganin sanyin kalmar nan yana cikin abin da ya sa muke iya kwana da abin da take nufi.

Akwai wani hoto kuma a cikin harshenmu da ya kamata a tsaya a duba. Asalin abin da aka zuba a kasuwa ko aka ba da bashi muna ce masa uwar kuɗi. In akwai uwa, to ana sa ran 'ya'ya. Girkawan da ma haka suka hango abin: kalmar da suke kiran kuɗin ruwa da ita, tokos, ita ce kalmarsu ta haihuwa da abin da aka haifa. A kan wannan ne Aristotal, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya soki bashi da ruwa. A ganinsa an ƙirƙiri kuɗi don musaya, ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke a jira ya haihu.

Sai dai kada a ɗauka riba ta kasuwa ba ta da inda take wuce gona da iri. Tana da shi, mun kuma sa masa suna mai kaushi: ƙazamar riba. Da azumi ya kama za ka ji ta a bakin kowa, ana kuka da masu ɓoye sukari da gero sai sun yi tsada su fito da su. Abin lura shi ne ba yawan ribar kaɗai ke ƙazantar da ita ba. Buhari ya kawo labarin sahabi Urwa al-Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya je ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinari a hannu. Riba ce ninki cur, kuma addu'ar albarka aka yi masa. Abin da ke sa riba ta ƙazanta shi ne a ci ta daga rashin sanin mai saye ko daga matsuwarsa. Wasu malaman Malikiyya har sun auna abin: in an yi wa wanda bai san kasuwa ba ƙarin da ya kai sulusin kuɗin kaya, yana da damar warware ciniki.

To mece ce riba ta biyu a asalinta, kafin a yi bankuna? A Makka ta jahiliyya, in wa'adin bashi ya cika, mai bi yakan zo ya ba da zaɓi: ko ka biya yau, ko in ƙara maka lokaci ka ƙara mini dukiya. Wanda ba shi da abin biya ba shi da zaɓi sai na biyu. Malaman tafsiri, ciki har da Ɗabari, sun bayyana yadda abin ke tafiya in bashin na raƙuma ne: in 'yar shekara ɗaya ake bin ka ba ka biya ba, baɗi 'yar shekara biyu za a bi ka, baɗin baɗaɗa wadda ta fi ta, haka shekarun raƙumar ke hawa kai kana nutsewa. In kuɗi ne a ninka, a sake ninkawa. Wannan ninkin ne Suratu Ali Imrana ta ambata ta hana, sannan ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara suka rufe ƙofar gaba ɗaya, suka bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa kaɗai. A riƙe maganar raƙumar nan, za mu komo gare ta.

Ba sai mun je Makka ba kafin mu ga irin wannan. Duk wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta. Ruwa na zuba, gona ta yi kore shar, rumbu kuwa sai ka kwanta a ciki kafin hannunka ya taɓa hatsi. A lokacin ne magidanci ke jiran dare ya yi, ya tafi zauren mai hali, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Sharaɗin sananne ne, ba a ma doguwar magana: dami ɗaya yau, biyu da kaka. Mai ba da bashin yana da hujjarsa. Zai ce maka hatsi a tsakiyar damina zinariya ne, da kaka kuwa ya faɗi warwas, saboda haka dami biyun da zai karɓa da ƙyar suke mayar masa da abin da ya bari. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba zan musa ba. Abin da hujjar ta yi shiru a kai shi ne shekarar da damina ta ƙi, ko fara ta ci amfanin gona. Biyu sai su koma huɗu. Shekara ta uku gona ta shiga jingina, mai ita ya koma yi wa mai bin sa ƙwadago a cikin gonar da ya gada daga ubansa. Na ga wannan da idona a kan mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi da mai bin nasa.

Yau zauren ya koma cikin waya. Manhajojin ba da bashi suna tura maka kuɗi cikin minti biyar, ba jingina ba shaida, a kan ka biya bayan mako ɗaya ko biyu da ƙari mai tsanani. In ka makara, wasunsu sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon cewa kai maci amana ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayyar Najeriya ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022. Mai halin ƙauye ko ba komai yakan rufa maka asiri.

A hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan hijira, wato 632, Annabi ya tsaya a Arfa ya yi huɗuba, ya soke abubuwa biyu na jahiliyya a jere, kuma a kowanne ya fara da gidansu. Ya soke ribar da ake bi, ya fara da ta baffansa Abbas. Ya soke jinin da ake bi, ya fara da jinin wani yaro na danginsa, ɗan Rabi'a ɗan Harisu, wanda Huzailawa suka kashe. Na daɗe ina jin wannan huɗuba kafin in lura da dalilin da ya sa bashi da jini suka zo kafaɗa da kafaɗa. Dukansu abu ne da aka karɓe maka kana neman a mayar, kuma a dukansu zuciya ba ta yarda ta tsaya a kan daidai.

Larabawa suna ba da labarin yaƙin Basusa, tsakanin ƙabilun Bakru da Taglibu. Kulaibu, shugaban Taglibu, ya harbi wata raƙuma da ta shiga makiyayarsa. Raƙumar tana ƙarƙashin kariyar wata mata mai suna Basusa, 'yar'uwar mahaifiyar Jassasu na Bakru. Jassasu ya rama wa raƙuma da ran Kulaibu. Ɗan'uwan Kulaibu kuma bai ga wani rai guda da ya kai na ɗan'uwansa ba, sai aka yi ta zubar da jini wajen shekara 40. Mu ma muna da sunan wannan, muna cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Abin da ke damuna da karin maganar nan shi ne yadda ake faɗin ta. Ba kasafai ake kawo ta don gargaɗi ba. Yawanci da ƙirji a buɗe ake faɗin ta, bayan an rama mari ɗaya da uku, ana jin an yi bajinta. Riba ce ita ma, da hannu ake karɓar ta maimakon aljihu.

Maganin da shari'a ta kawo shi ne iyaka. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce. A littattafan Malikiyya, masu mu'amala da zinariya dinari 1,000, masu azurfa dirhami 12,000. Dinari dubu ya kai zinariya kilo huɗu da kwata. Dukiya ce mai nauyi ƙwarai, shi ya sa aka ɗora ta a kan dangin mai laifi su taru su biya a hankali. Amma darajarta ba a nauyinta kaɗai take ba. An yanke ta, ba a ƙara wa ɗan sarki, ba a rage wa ɗan talaka, kuma in an biya magana ta mutu.

Yanzu kalmar diyya ta faɗaɗa a bakinmu. Ana biyan diyyar gona in hanya ta bi ta ciki, diyyar gidan da aka rushe, diyyar ɓata suna, har diyyar yaƙi tsakanin ƙasashe. A nan ne kalmar ta fi shan wulaƙanci, domin mai ƙarfi shi ke yanke adadi. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Haiti, a tekun Karebiyan. Bayin da aka kwaso daga Afirka suka yi tawaye, suka kori Faransa, suka kafa ƙasarsu a farkon 1804. A 1825 Sarki Charles na 10 ya aika jiragen yaƙi suka tsaya a gaban babban birnin ƙasar, da saƙo ga Shugaba Boyer: Faransa za ta amince da 'yancinku in kun biya faran miliyan 150, diyyar abin da Turawan da suka mallaki gonaki da bayi suka rasa. Wato mutanen da aka bautar su ne za su biya kuɗin kansu da na iyayensu. An raba kuɗin kashi biyar, kuma ko kashin farko na miliyan 30 Haiti ba ta da shi, sai ta ci bashi daga bankunan Faransa ɗin dai, su kuma suka zare wajen miliyan 6 tun kafin su miƙa. A 1838 aka rage jimlar zuwa miliyan 90, amma ƙasar ta shafe shekaru da dama kuɗin gahawarta na tafiya Faris, maimakon makarantu da hanyoyi. Diyya a sama, ruwa a ƙasa. Ingila ma da ta soke bauta a yankunan mulkinta a 1833, fam miliyan 20 ta ware ta biya masu bayi, bayin ba su ga ko sisi ba. In aka fassara irin wannan da diyya kawai, an yi wa kalmar ƙazafi, domin diyya wanda aka cuta ake ba. Bahaushe yana da abin da ya fi dacewa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu koma ga raƙumar da na ce a riƙe. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya kawo, cewa Annabi ya ranci ɗan saurayin raƙumi daga wani mutum. Da raƙuman sadaka suka iso sai ya umarci Abu Rafi'u ya biya mutumin. Abu Rafi'u ya duba ya komo ya ce bai sami tsaran wancan ba, sai wani zaɓaɓɓe wanda ya girme shi, ya fi shi daraja nesa ba kusa ba. Annabi ya ce a ba shi wannan ɗin, ya kuma yabi masu kyautata biyan bashi.

A ajiye wannan kusa da raƙumar Makka. Wanda ya tsaya daga nesa abu ɗaya zai gani: an karɓi ƙaramin raƙumi, an mayar da babba. Ko a sikeli aka ɗora su, ƙarin ɗaya ne. Amma na farko riba ne, na biyu kyautatawa. A na farko mai bin bashi ne ya buɗe baki, ya buɗe shi kuma a ranar da ɗan'uwansa ba shi da ta cewa. A na biyu mai biya ne ya miƙa hannu, bayan ba wanda ke jiran komai daga gare shi sai abin da ya karɓa. Wannan ce amsar da na so ɗalibin nan ya tafi da ita, kuma ina ganin harshenmu ya riga ya san ta tun kafin a zauna a yi masa bayani. Shi ya sa bai yarda ya tara gyara da tukwici da kuɗin ruwa a ƙarƙashin suna ɗaya ba.

Malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba, don sun san halin ɗan Adam. Duk almajirin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya gamu da mas'alar nan a babin ciniki. Mayar da abin da ya fi kyau babu laifi. Amma wanda ya mayar da abin da ya fi yawa a wurin biya, ya karɓi goma ya miƙa sha ɗaya, a nan almajiran Malik biyu, dukansu mutanen Masar, suka saɓa: Ashhabu ya halatta, Ibnul Ƙasim ya ƙi. Ko wannan saɓanin ma sai in abubuwa uku ba su shiga ba: ba a yi sharaɗi ba, ba a yi alkawari ba, ba kuma al'ada ba ce.

Na ukun nan ne ya fi zurfi. Sharaɗi ana jin sa da kunne, alkawari ma haka. Al'ada kuwa ba ta magana, amma ta fi su riƙo. In kowa a gari ya san mai ba da rance yana samun ɗan wani abu a kai, to ko ba a furta ba an furta. Kyauta da aka saba da ita har aka fara jiran ta, ta fara komawa haraji.

Yayata tana da wani littafi irin na 'yan makaranta, mai bango shuɗi, da take ajiyewa a ƙasan akwati. A ciki take rubuta gudunmawar biki: ranar sunan wance, wance ta kawo kaza, wance turmin atamfa, wance sabulu da kuɗi kaza. Ba don mantuwa kaɗai ake rubutawa ba. A tsakanin ƙawaye, abin da aka kawo miki ba shi za ki mayar ba, sai kin ɗora, sau da yawa ma ki ninka. In ta kawo dubu biyu, ranar nata bikin ki kai huɗu, ranar naki na gaba ta zo da takwas. Wata shekara na iske yayata zaune da littafin a cinya, biki uku sun haɗo mata a wata ɗaya, tana lissafi da yatsu. Na ce, "Yaya, ki kai abin da ya sawwaƙa mana." Ta dube ni ta ce, "Kai namiji ne, ba za ka gane ba. In na kai daidai abin da ta kawo, ai na ce mata mu rabu ke nan." Washegari aka ja akuyarta zuwa kasuwa. Hukuncin biki na malamai ne, ni ba zan sa masa sunan riba ba, domin zumunci ne ya haife shi, kuma mata da yawa da shi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Amma na ga yadda ƙarin da aka fara da so yake zama igiya in ya shiga littafi. Ko ni da nake tsugune gaban mai awo ina ƙin tashi, al'ada nake karɓa. Sauƙinta dai ciniki ne ba rance ba, kuma tafi ɗaya ne.

Akwai wata matsala da zamaninmu ya kawo wadda ta juya maganar nan a kan kanta. A 2015 dala ɗaya tana kan naira 197 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ba ka rancen naira dubu 200 a 2015 ya ba ka abin da ya kai dala dubu ɗaya. In ka mayar masa da dubu 200 ɗin a 2024, abin da ya shiga hannunsa bai kai dala 150 ba. Lamba ta cika, amma hatsin da za ta saya ya tsiyaye. A nan wa ya ci ƙari? Wanda ya ci bashin ne, shi ya ci moriyar kuɗi suna da ƙarfi ya mayar da su sun rame. Malamai sun daɗe da sanin ƙanwar wannan matsala. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa kuma alƙalin alƙalan Haruna Rashid a Bagadaza, yana ganin in darajar kuɗin tagulla ta canza, ƙima za a biya ba adadi ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya a kan cewa bashin kuɗi da irinsa ake biya, ba a ɗaure shi da farashin kaya. Ina fahimtar tsoronsu: in aka buɗe wa mai bin bashi ƙofar cewa kuɗi sun faɗi a ƙara mini, riba za ta shigo ta wannan ƙofar da sabuwar riga. Amma ƙofar da aka rufe ta mai bi ce. Ta mai biya tana nan yadda aka bar ta ranar da aka ba Abu Rafi'u umarni.

Wancan misalin na dubu 200 ba ƙirƙirarsa na yi ba, nawa ne. Kawuna ne ya ba ni, ƙanin mahaifiyata, lokacin da haya da kuɗin makarantar yara suka haɗe mini. Shanu biyu ya sayar. Bai rubuta ba, bai kira shaida ba, bai kuma taɓa tuna mini ba ko da wasa, har shekara tara. Da Allah ya hore mini na zauna na yi lissafin abin da shanu biyu irin nasa suke yi a kasuwa yanzu, na haɗa abin da zan iya, wanda ya ninka abin da ya ba ni fiye da sau biyu, na sa a leda na tafi ƙauye.

Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan na ajiye ledar a gefen buzunsa na ce, "Kawu, ga saƙon nan da ka taimake ni da shi. Allah ya saka da alheri, a yafe mini jinkiri." Ya buɗe, ya jiƙa yatsa, ya shiga ƙirgawa a hankali. Da ya kai dubu 200 sai ya tsaya, ya ware su ya tura ƙarƙashin buzu, ya ɗaure bakin ledar ya turo mini sauran.

Na ce, "Kawu, ai kuɗin jiya ba na yau ba ne. Shanunka biyu fa."

Ya ce, "Na san shanuna. Abin da na ba ka na ƙirga, shi na karɓa. So kake in tsufa in je kabari da ruwa a cikina?"

Na yi masa bayanin raƙumin Abu Rafi'u. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce ya ji wannan a wurin karatu, amma shi zuciyarsa ba ta kwanta da ƙari a zama ɗaya da biyan bashi ba. Bai san sunan Ibnul Ƙasim ba, amma a kan maganarsa yake. Na ɗauki ledar na komo da ita birni.

Da ruwan farko ya sauka na sayi taki buhu huɗu da ɗan maraƙi, na sa a mota na aika masa, ban haɗa da wasiƙa ba. Bayan kwana biyu ya sa jikansa ya kira ni. Ya ce kaya sun iso, maraƙin yana da kyan ƙafa, ya ɗaure shi a turken da ke kusa da rumbu. Ya sa mini albarka mai tsawo, sannan ya tambaya ko mu ma an yi ruwa a wajenmu.